Kyasuwa a Tukunya

Ba da dogayen gine-gine ake auna wayewar al'umma ba, ba kuma da yawan littattafanta ba. Ana auna ta ne daga ranar da mutum ya fara ba ciyawa ruwa da gangan. Wannan ne ra'ayina tun da na ajiye alli, na jera tukwanen ƙasa shida a tsakar gidana a Funtuwa, na dasa ciyawar ado da na sayo wurin masu furanni a Zariya. Siraran ganye gare ta, da kai mai gashi ja-ja kamar wutsiyar kyanwa.

A daminar da noma ya gagara a ƙauyenmu na bayan Bakori, yayana ya dawo wurina da zama. 'Yan bindiga sun ɗauke maƙwabcinsa a tsakiyar kunya, da fartanya a hannu. Yaya ya taho da iyalinsa da buhu guda na irin dawa kaura, wadda muke shukawa tun zamanin ubanmu.

Ya daɗe yana duban tukwanen, sannan ya tambaye ni ko tunkiya nake shirin saye. Na yi masa darasi a kan ado, har da sunan ciyawar na Latin.

"Malam," in ji shi, "wannan ai kyasuwa ce. Shekara arba'in ina kashe ta."

Mutumin da hantsi bai taɓa samu a gida ba, sai ga shi a tabarma wuni guda. Ya rage ci, ya rage magana. Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar ya tuge ciyawar tas, ya karkaɗe saiwarta, ya shanya a rana don kada ta sake kamawa. A kowace tukunya ya binne ƙwaya uku ta kaura. Ya ce iri in ya tsallake damina, ya fara mutuwa.

Ranar ya cinye tuwonsa.

Dawar ta tsiro, ta kai ƙugu, ta tsaya nan, ko kai ba ta fitar ba. Tukunya dai ba gona ba ce. Da hatsi ya yi tsada, sauran irin muka kai niƙa. Yaya bai ga damina ta gaba ba.

Wani direba da ke bin hanyar ƙauyenmu ya ce mini gonar Yaya yanzu kyasuwa ce daga iyaka zuwa iyaka, ta kai kafaɗar mutum. Ba mai ba ta ruwa.