Iskar da Ta Shiga Jirgin Kar-Ya-Jiƙa

Ni kafintan jiragen ruwa ne. Aikina toshe tsaga, canza katakon da ya ruɓe, shafa kwalta. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina so in rubuta labarin wani mutum da muka fi shekara talatin muna gaisawa a bakin ruwa kowace safiya. Ina da hannu a abin da ya same shi, shi ya sa na ga gara ya fito daga bakina.

Kar-Ya-Jiƙa ake ce masa. Tun yana saurayi yake fito da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, da farko da filafili, daga baya ya sa injin tuƙi. Rayuwarsa duka a kan ruwa ya yi ta, amma ba abin da ya tsana kamar abu ya jiƙa. Rediyonsa cikin leda biyu take. Ashanarsa a kwalba. Da hadari ya haɗo sai ya cire hularsa ya cusa cikin riga, ya bar kansa ya sha ruwan. In fasinja ya ajiye kaya a ƙasan jirgi, tun kafin gaisuwa za ka ji, "Ɗaga, kar ya jiƙa." Har matarsa da sunan take kiransa in ya ba ta haushi.

Jirginsa ƙarami ne, mutum takwas yake ɗauka, da rumfar tamfol daga tsakiya zuwa baya. Fasinjojinsa na kullum mata biyar ne masu sayar da kifi. Su saro a wancan ƙetaren wurin masunta, ya dawo da su kasuwa, tafiyar awa ɗaya da wani abu. Babbarsu ita ce wadda kowa ke kira Gwaggo. Da kuɗin fiton matan nan ya ciyar da gidansa, ya aurar da 'ya'yansa.

Da zafi kifi kan fara sauya wari kafin a iso. To, 'yarsa ta fari da ke aure a birni ta aiko masa da ƙaramin janareta da ɗan firji, don matan su riƙa zuba kifinsu a ciki. Ranar da kayan suka iso ya same ni a rumfata.

"Kafinta, akwati nake so. Mai murfi. Ko ɗigo ɗaya kar ya taɓa injin nan."

Na yi masa akwati da katako mai kyau, na kafa shi ƙarƙashin bencin baya, cikin rumfa. Na san inji yana son ya numfasa, don haka na huda ƙofofi shida. Na zauna na yi tunani sosai kafin in zaɓi gefen da zan huda, na zaɓi wanda ke kallon fasinja, tunda ta nan ruwa ba ya fantsamowa. Ƙarar injin ta ragu, kifi ya riƙa isowa da sanyinsa, kowa ya yaba mini.

Ba a yi mako ba Gwaggo ta fara cewa kanta kamar ana daka a ciki. Wata ta yi amai. Wata barci ya kwashe ta a zaune, sai da aka yi ta jijjiga ta kafin ta buɗe ido, ta kuma tambaya ina aka kawo ta. Shi kansa Kar-Ya-Jiƙa, wanda ko da ido a rufe ya san mashigar, wata rana ya wuce ta ya kutsa jirgin cikin ciyawa. Abin da ya ɗaure mana kai, da sun sauka sun zauna a inuwa kaɗan sai kowa ya ware. Aka ce rana ce. Aka ce ruwan sha ne, aka canza jarka. Aka ce tsufa ne, amma wadda ta yi aman ba ta kai talatin ba.

Na raka shi ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa. Layi ya yi tsawo, nas ɗaya ce tak. Ta gwada jininsa, ta ce ba zazzaɓi.

"Baba, a ina ciwon yake kama ka?"

"Cikin jirgi, 'yata. Ƙarƙashin rumfa."

"Akwai inji a wurin?"

"Akwai."

"To iska ce, Baba. Muguwar iska ce a cikin rumfar nan. Ba a ganinta, ba a jin warinta, amma tana kwantar da mutum, har kisa tana yi. Ku san yadda za ku yi ta fita."

Kafin mu sake tambaya aka shigo da wata mai naƙuda, nas ta yi ciki da gudu. Muka fito, sai da muka kai bakin ruwa ya juyo gare ni.

"Kafinta, ka ji abin da na ji?"

"Na ji."

"Har 'yan asibiti sun tabbatar. Me na yi musu? Shekara nawa ina bi ta kansu, ban taɓa zuba ko ruwan zafi a kogin nan ba."

A wurinmu in aka ce iska ta kama mutum, ba wanda zai ɗaga kai ya duba ganyen itace. Ni dai raina bai kwanta ba, don ban taɓa jin nas ta yi irin wannan magana ba. Amma ban san wata fassarar da zan ba shi ba.

Ya sauke labulen rumfar na gefe biyu ya ɗinke su, don kar wata ta ƙara shigowa daga kogi. Ya samo kasko yana turare a ciki safe da yamma. Abin ya ƙara muni. Rana ta uku mata biyu sai ɗauko su aka yi daga jirgin. Labari ya zaga, matan suka koma wani jirgi. Gwaggo ce ta zo har inda yake ta ce, "Ba ƙinka muka yi ba, ɗan'uwana, amma muna da 'ya'ya."

Kwana goma jirgin yana ɗaure. Ba mai sayen jirgin da aka ce yana da iska, don haka ya yanke shawarar ya sayar da injin tuƙin, ni kuma in farfasa jirgin a yi itace. Na ce masa ƙotar gudumata ta karye. Washegari na ce bayana ke ciwo. Ban san me nake jira ba.

Ana haka bakaniken da zai sayi injin ya zo dubawa. Mutum ne mai baki, ba ya tauna magana. Ya sunkuya ya shiga rumfar, ya ga kasko da toka a gefen jarkar fetur, ya ja baya. Ya ɗaga murfin akwatin, ya ga cikinsa ya yi baƙi ƙirin.

"Baba, wane maƙiyinka ne ya haɗa maka wannan?"

Na ce, "Ni ne."

"Sannu da aiki, Baba Kafinta. Saura likkafani."

Kar-Ya-Jiƙa ya ce, "Rabu da akwati, ɗana. Iska ce a jirgin."

"Ai na gani."

"Kai ma kana ganinsu?"

"Su wa? Iskar da injin nan ke fitarwa nake nufi. Ba ta da launi, ba ta da wari..."

"Haka nas ta ce."

"Tana sa ciwon kai, ta sa barci, in ta yi yawa ba a tashi."

"To ai ita ce! Me muke ta faɗa?"

"A'a, Baba, ba waccan ba. Wannan daga salansa take fitowa, inda hayaƙin inji ke fita."

"Wato a cikin injin ta tare? Daga birni aka aiko da ita?"

Bakanike ya zauna a bakin jirgin ya riƙe kai. Sai ya ce a fito da janaretan kan tudu. Ya tayar da shi, ya kama hannun Kar-Ya-Jiƙa ya kai kusa da salansa har ya ji ɗumin yana bugun tafinsa. Ya ce warin hayaƙin da muke ji ba shi ne mai kisa ba, mai kisan tana tafe tare da shi a ɓoye, kuma kowane inji mai shan fetur yana fitar da ita. A fili iska ta kwashe ta. A rufe, mutum ya shaƙe ta.

"Iska ta kwashe iska," in ji Kar-Ya-Jiƙa, yana kallona. Ni kuwa ƙofofina shida nake kallo.

A ranar nan gudumata ta warke. Na ɓalle akwatin, na kafa katako mai tudu a can ƙarshen jirgi, a fili, ba cikin rumfa ba. Muka ɗaure injin a kai da igiya, bakin salansa yana kallon ruwa. Muka farke labulen muka naɗe. Waya ta bi ta saman sandar rumfa, ba ta ƙasa inda ruwa ke taruwa ba. Fetur ya koma gaba, kasko ya koma gida. Bakanike ya ce kar a zuba mai sai an kashe injin ya huce, in kuma ruwan sama ya zo a kashe shi, ya huce, sannan a rufe. Kar-Ya-Jiƙa ya so ya ɗora masa ko buhu ne yana aiki, bakanike ya ce in ya yi haka zai dawo ya ɗauke injin da kansa.

Saura matan. Da safe muka tare Gwaggo tana shirin shiga ɗaya jirgin.

"Iskar ta tafi?"

Ya sosa ƙeya. "Tana nan, Gwaggo. Amma mun juya mata baki waje."

Ta ce, "Ban gane ba."

"Wallahi ni ma ban gama ganewa ba. Amma jiya sau biyu na ƙetara ni kaɗai, kaina garau."

Ta ce za ta shiga, amma sai kafinta ya zauna a bencin baya, in wani abu zai kama mutum ya fara da shi. Na zauna. Muka tafi. Ba a yin minti biyar sai ya waiwayo ya ce, "Gwaggo, ya kan?" A karo na bakwai ta ce, "Kai ne ciwon kan yanzu, duba gabanka."

Muka je muka dawo, ta sauka da ƙafarta, ta ɗauki kifinta da sanyinsa. Washegari uku daga cikin matan suka biyo ta. Ta biyar ɗin, wadda barci ya kwashe, har yau ɗaya jirgin take shiga, kuma in ta hange mu daga nesa sai ta ɗaga mana hannu.