Allurar Ciki da Ƙahon Babarbare

Wanzami ba ya aske kansa, don hannu ba ya kaiwa ƙeya. Kowane wanzami yana da nasa wanzamin. Nawa wani Babarbare ne ɗan Kolofata, mun haɗu a bakin kasuwar Garwa tun muna samari. Duk Juma'a da hantsi in aske shi, ya aske ni, mu tafi masallaci kai na ƙyalli. Shekara talatin da ɗoriya babu askar da ta hau kaina sai tasa. Yanzu samari sun buɗe shaguna da madubi da injin lantarki, suna yi wa mutane layi a kai kamar kunyar auduga. Mu an bar mana tsofaffi da jarirai ranar suna. Abin da ya rage mini a sana'ar nan wanda ban tsana ba, wannan Juma'ar ce. Ita ma na kusa kashe ta da bakina, ko in ce da rashin buɗe shi.

Yawo da zabira unguwa-unguwa ya cinye mini ƙafar hagu. Jijiyoyin suka kumbura suka murɗe kamar igiyar guga. Da ciwon ya hana ni tafiya aka kai ni lopital, wato asibiti, aka zare jijiyar. Ranar sallama wata ma'aikaciya ta zo da kwali. 'Yar dutse ce, daga ƙabilun kan tsaunuka, Kirista, Hausarta ta kasuwa.

"Baba, wannan pikir ne, allura. Kullum ɗaya, a ciki, kai da kanka. Yana sa jini ruwa-ruwa, kar ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. In ya tafi huhu, shi ke nan kai."

Ta nuna mini yadda ake kama fatar ciki da yatsu biyu nesa da cibiya, a soka a tsaye, yau dama gobe hagu, kuma kar a murza.

"Sannan ba aska, ba ƙaho, har ya ƙare. Ka ji?"

Na ce na ji. A zuciyata kuwa na ce, ji yarinyar da aka haifa ina tsotse jinin mutane za ta koya mini jini.

Rana ta farko bayan la'asar na zauna a zauren gidanmu na unguwar Pumpumre, na ɗage riga, na kama fata. Allura ƙarama ce, ba ta kai ƙayar aduwa ba. Na kai ta, na dawo da ita. Na sake kaiwa. Ni da na yi wa yara kaciya ba adadi, gumi ya jiƙe mini wuya. A haka Babarbare ya yi sallama ya same ni.

"Af! Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa."

"Rufe mini baki. Kai an taɓa sa ka ka soki kanka?"

"Bahaushe mai ban haushi. Kawo tumbin nan. Wai ma ina tumbin? Uwargida, me kike ba shi, iska?"

Matata daga tsakar gida ta ce ya tambayi abokinsa, shi ke ture kwano.

Ya tsugunna ya kama fatar da yatsunsa, irin kamun da muke yi wa ƙeyar jariri. Ya ce shi ba zai soka ba, an ce ni da kaina. Ya fara ba ni labarin wani alhaji da ya suma a hannunsa don ganin ƙaho. Ina cikin cewa ƙarya yake yi, na ga allurar ta shige. Maganin ya yi zafi kamar an ɗiga barkono, na zage shi, ya yi dariya har da tari. Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya jingine kekensa a ƙofa. Shi ya kama, ni in soka.

Kwana shida, cikina ya yi tabo-tabo, wani baƙi wani shuɗi, kamar an jefe ni da goruba. Na san wannan launin. Duk rayuwata in na gan shi a jikin mutum sunansa mataccen jini, maganinsa kuwa yana cikin zabirata. Na yi ta kallonsa, yana ci mini rai.

Na ce, "Babarbare, kafa mini ƙaho biyu a nan."

Ya ce, "Ba ka ce yarinyar ta hana ba?"

"Cewa ta yi kar a yi a ƙafar. Ciki ba ruwanta."

Ƙarya na yi masa. Ya dube ni, ya dubi tabon. Ya ce bai so ba. Na ce to in hannunsa ya tsufa ya faɗa mini, in nemi yaran injin lantarki. Na san inda zan taɓa shi.

Tsaga shida ya yi, ƙanana, masu kyau, irin waɗanda kan bushe kafin mutum ya ɗaura wando. Ya cire ƙaho ya share. Jini ya sake tsatsowa. Ya share, ya danna. Ya dawo. Ba tsartuwa yake ba, zuwa kawai yake yi a hankali, kamar ruwa a gindin randa. Tsumma ya jiƙe, matata ta kawo tsohon zanenta, shi ma ya jiƙe. Babarbare ya miƙe da sauri. Shi ya tare mai babur, ya zauna a bayana ya rungume cikina da zanen har lopital.

Yarinyar nan muka tarar. Ta ɗaure ni tam da bandeji, sannan ta juya kan Babarbare a gaban mutane cike da benci.

"Kai ne ka yanka shi? Tsoho da kai! Kana so ka kashe shi? Na gaya masa ba ƙaho!"

Ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya. Ni kuwa na kafa wa silin ido kamar mai jin jiri. Jirin ma akwai shi, amma bai kai ya hana ni magana ba. Ya cire hularsa ya ce mata, "Ni ne. A yi haƙuri."

Washegari la'asar ta yi, ba keke a ƙofa. An ce in ci gaba da allurar, saura kwanaki da yawa. Matata ta ce za ta kama mini, amma ita runtse ido take yi tana salati, har ta sa ni ma na fara. Na ce ta bari. Na koyi yi ni kaɗai: in jingina da bango, in kama da hagu, in ce wa kaina da muryarsa, "Bahaushe mai ban haushi, soka mana," in soka. Fankon allurar in jefa a gorar ruwa in rufe. Abin ya zo da sauƙi, kuma sauƙin ya fi ba ni haushi.

Juma'a biyu suka wuce. Kaina ya yi fari fat da furfura kamar an zuba toka. Wani mai shayi ya gaya mini Babarbare ya daina ɗaukar ƙaho, wai aski kawai yake yi, shi ma sai an matsa.

Ranar da aka duba ni aka ce jinina ya koma daidai, na ce wa yarinyar, "Ni na sa shi. Ƙarya na yi masa."

Ta ce, "To ni ce ka yi wa? Je ka gaya masa."

Juma'a da hantsi na ɗingisa har gindin dalbejiyar da yake zama. Yana wasa aska a fata, bai ɗago ba. Akwai mutum huɗu a kan tabarma. Da su na so, tunda a gaban mutane aka zage shi. Na ce da ƙarfi, "Jama'a, ƙahon nan ni na ce a yi. An hana ni, na ɓoye masa." Na tuɓe hula na zauna a gabansa na ba shi ƙeya.

Ya gama wasa askarsa tsaf. Sai na ji ruwan sanyi a kaina, da yatsun nan suna murza sabulu.

"Dubi kai kamar na tsohuwar tunkiya. Allurar fa, wa ya kama maka?"

"Ni."

"Ƙarya."

"Wallahi."

"To zauna daidai. In na yanke ka yau, da gangan ne."