Ladanin da Motocinsa Ke Shan Barasa

Kafin masu koko su hura wuta, Masta Abdul-Samed ya riga ya tsaya a ƙofar masallacin layinmu, yatsu a kunne, yana kiran sallar asuba. Idan aka idar sai ya dawo gida ya sha kokonsa a tsaye, ya ninke riga mai tsabta a leda, ya gangara tashar Race Course ya hau trotro, wato motar haya, zuwa Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Haka na buɗe ido na gan shi. Mahaifina ne, kuma a watan nan ya ajiye sifana, ya bar aikin gyaran mota.

Fita, wato makanikai, sun yi yawa a Magazine, amma Baba ya zaɓi aikin da yawancinsu ke gudu: motocin da ake shigo da su masu supacaja, wato na'urar da bel ke juyawa tana ɗura wa inji iska fiye da abin da zai shaƙa da kansa. Irin wannan inji, idan aka matsa masa a kan fetur zalla, sai ya ɗau zafi ya fara ƙwanƙwasa, wata rana fistan ya tafi. Baba yakan gauraya fetur da itanol. Itanol na sanyaya inji ya kashe ƙwanƙwasar, sai dai mota takan ƙara ƙishirwa. Don haka yakan sa mata manyan injekta da famfon mai mai ƙarfi, ya canza robobin da itanol ke ci, sannan ya jona kwamfuta ya tsara mata yawan abin da za ta sha da lokacin da wuta za ta tashi. Daga nan sai ya ɗora tsinin sukudireba a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar, ya rufe ido.

Wannan fuskar na daɗe ina kishinta. Ni muryata ba ta da ƙarfi, in na yi masa magana a gida sai na ji, "Na'am? Me kika ce, Samiratu?" Amma inji ya yi ɗan tari a ƙarshen layi, Baba zai ajiye cokali. Mma takan yi dariya ta ce, "Da ke mota ce, da tuni ya san abin da ke damunki."

Ba ni kaɗai ke kallonsa da wannan ido ba. Akwai Khalidu, fita ne shi ma, shagonsa na fuskantar na Baba, gidansa kuma layinmu. Samari masu tseren mota sukan faka a ƙofarsa saboda inuwa, su tsallaka wajen Baba. Shekaru yana haɗiye wannan.

Itanol kuwa barasa ce, warinta ba shi da maraba da na akpeteshi, giyar nan ta gargajiya. Shi ya sa Baba ke tafiya da riga ta biyu, yana wanka a shago kafin ya taso. Wata Asabar ruwan sama ya kore su da gaggawa, ya iso magariba da kayan aiki a jikinsa. Khalidu na sahun bayansa. Ana sallamewa Khalidu ya ɗaga hanci.

"Liman, hancina ne ke min ƙarya, ko ladaninmu ya ɗan biya wani wuri?"

Wasu suka yi dariya, dattawa ba su yi ba. Kafin gari ya waye maganar ta kai famfon da mata ke ɗibar ruwa. Aka aiko wa Baba cikin ladabi cewa ya huta da kiran salla har a bincika. Bai yi musu ba. Amma na gan shi da asuba zaune a kan buzu, wani na kira a wurinsa, leɓensa na bin kalmomin a hankali. Mma ta daina zuwa famfo da kanta.

Liman Abdul'aziz bai tara jama'a ba. Trotro ya hau ya je Magazine ba sanarwa. Ba na wurin, amma Safiyatu mai wake da shinkafa, wadda teburinta ke tsakanin shagunan biyu, ta ba ni labarin har da kwaikwayon murya. Ta ce Liman shagon Khalidu ya fara shiga.

"Kai da kake ganinsa kullum, idan duron abin nan ya iso, me yake yi?"

Khalidu ya sosa ƙeya. "Kafin mai kawowa ya juya, ya buɗe ya zuba fetur a ciki."

"Don me?"

"Don kada wani ya sata ya sha. Magazine ne nan, Liman."

"Ka taɓa ganin ya kai shi baki?"

"Baki? Mu duka da tiyo muke zuƙo mai daga tanki. Shi famfon hannu ya saya, don kada ɗigo ya taɓa harshensa. Har tsiya muke masa."

"Ei, Khalidu. Ka san duk wannan?"

"Na daɗe ina leƙe," in ji shi, kansa a ƙasa. "So nake in ga abin da yake dannawa a kwamfutar nan."

Safiyatu ta ce dariya ta kusa sa ta kifar da miya. A nan Baba ya tsallako yana goge hannu, ya durƙusa ya gaisa.

"Liman, motar ce ke sha. Ni ko rakiya ba na yi mata."

"To, ita ma Allah ya shirye ta," in ji Liman. "Gobe da asuba kada ka makara."

Washegari Mma ce ta fara isa famfo.

Baba, kai ne ka ɗauki abin da ke ɓata mutane ka sa shi aikin da ya ciyar da gida, ba tare da ya ɓata ka ba. Kai ne aka zarga a gaban sahu, ba ka ɗaga murya ba, har wanda ya zarge ka ya zama shaidarka. Zakaran layinmu, da aka mayar maka da kiranka ba ka yi wa kowa gori ba. Bayan sati ka ɗaga wa Khalidu hannu ka ce, "Cale, abokina, wuyanka zai ƙage da leƙe. Tsallako ka gani da kyau."

Ƙarar injuna ta ci kunnuwan Baba, shi ya sa ya bar aiki. Ya ce fitan da ba ya jin ƙwanƙwasa, fistan ɗin mutane zai ƙona. Shagon da kwamfutar da sukudireban nan, Khalidu ya bar wa. Na tambaye shi dalili, sai da na maimaita kafin ya ji.

"Samiratu, duk garin nan wa ya kalli aikina kamar Khalidu?"

Ni mana, na ce a raina.

Mun gode, Masta Samed. Allah ya saka da alheri, ya bar mana muryarka a kan layinmu. Ku masu sana'a, daga Magazine har Zongo, ku tsarkake aikinku yadda ko mai hassada aka kira shaida, gaskiyarku zai faɗa. Idan kuma kun ga maƙwabci na leƙe, ku kira shi ya tsallako.

Motoci sun cinye mafi kyawun kunnenka, Baba, ragowar suka bar mana. Ban yafe musu ba tukuna. Amma yanzu kana gida, kuma na fara koyon ɗaga murya.