Katin da Ba Ya Naɗe Kifi

Duk wanda ya taɓa sayen soyayyen kifi a bakin tashar Haɗeja ya san Yakaka. Ni kuwa na fi kowa saninta, don kaskon ƙosaina yana gefen nata tun autarta Jannatu tana goye. Taurin kai gare ta, Allah na gani, in ta kafe ko motar shanu ba ta janye ta. Mijinta masunci ne. Wata damina ya tura kwalekwale cikin fadama, ruwa ya yi ƙarfi, shi ke nan. Ko gawarsa kogin bai mayar mata ba. Da kifin wasu ta raini 'ya'yansa.

Mu masu suya da tsohuwar takarda muke naɗe kaya. Ɗauri-ɗauri ake kawo mana: jarida, takardun jarrabawa, da katunan biki masu laushin nan da ake bugawa barkatai. Yakaka ba ta yi boko ba, amma ta san katin biki in ta gani. Mai bisimilla takan ware ta ƙona. Sauran kuwa ta naɗe tarwaɗa, mai ya jiƙe sunan uban amarya, mai saye ya cinye ya yar a kwata. Kullum sai ta ja tsaki.

Da auren Jannatu ya taso, Sa'idu ƙanen mijinta, shi ne waliyyi, ya ce a buga kati mai laushin nan da yawa kowa ya samu. Ta ce ba dai da sunan yayansa ba. Mutumin nan ba kabari, ba hoto, katin nan ne kaɗai inda za a taɓa rubuta shi, kuma ba za a naɗe kifi da shi ba. Sa'idu ya ce ta ji da rabon goro da alawa, kati sha'anin maza ne. Ta yafa mayafi ta ja ni muka tafi shagon Abdulmannan mai buga kati.

Bawan Allah ya baje mana kaya, masu fure, masu ruwan gwal, har da mai ƙamshi. Ina ta santi, ita ko launi ba ta kalla ba. Kowanne ta ɗauka sai ta murɗa shi yadda take naɗe kifi, in ya naɗu ta ture gefe. Can sai ga ta ta zaro 'yar kwalbar man gyaɗa daga lalita tana ɗiga wa samfurin mutane! Kunya kamar in nutse. Shi kuwa dariya ya yi, ya shiga ciki ya fito da wani mai kauri, an lulluɓe shi da leda. Ta murɗa, ya ƙi. Ta ɗiga mai, ya zame. Ya gaya mata gaskiya, wannan da tsada, kaɗan za ta samu. Ta ce a buga kaɗan ɗin, sauran jama'a ƙafarta na nan, za ta gaya musu da baki.

Sai ya tambayi sunan uban amarya. Yakaka irin matan da ne, tunda aka kai ta ɗaki ba ta taɓa kama sunansa ba, Malam take cewa. Na buɗe baki zan faɗa, ta mintsine ni.

"Marigayi Tasi'u Masunci," in ji ta.

Ranar karɓa ta sa Abdulmannan ya ɗora yatsanta a kan layin da sunan mijinta yake. Sa'idu ya yi ta fushinsa, ita kuwa ta bi dangi gida-gida har Kafin Hausa, aka sha biki.

Da daminar bana aka kawo mana ɗaurin takardu a bayan babur, ruwa ya yi masa dukan tsiya. Yakaka ta kwance shi, duk sun narke kamar koko. A tsakiya sai ga katin Jannatu guda ɗaya, garau. Raina ya ɓaci, na fara tsine wa marar kirkin da aka karrama da shi ya zubar.

Ba ta taya ni ba. Ta goge shi da bakin mayafinta, ta lalubi layin ta ɗora yatsa. 

"Ƙyale su, Zainaba," ta ce. "Wannan karon ruwa ya mayar min da shi."