Turmin Inna

Ja ne ya fara ɗauke min ido. Soɓorodo ne Inna ta shanya a tsakar gida, rana ta buge shi har yana ƙyalli. Na ajiye littafin soyayyar da nake karantawa na ce a raina, irin wannan launi ya dace da leshin amarya.

Shekarar da gubar dalma ta shigo ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum ke nan. Mazanmu suna kawo duwatsun zinari masu dalma gida a daka a wanke, yara kuwa suna ta suma. Ɗiyar yayana, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana cikin waɗanda aka kai Anka aka ba magani. Da za a sallame su, wata ma'aikaciyar jinya ta ce wa Inna a yawaita ba ta ganye da abin marmari. Ta ce abin da ke ba soɓorodo da albasa launi, wai filabonoyid, yana taimaka wa jiki.

"Amma ba shi ne maganin ba, Inna. Taimako ne kawai."

Inna ta riƙe rabin maganar. Kullum sai ta jiƙa soɓorodo, ta daka busasshen zogale ta barbaɗa a kunun yarinyar.

"Sha, 'yar nema," take cewa. "Ke kuma, taso ki kama taɓarya. Wanga saurayi na cikin takarda ba shi zuwa yau."

Ba ta yi ƙarya ba. A littattafaina kullum mota na zuwa ta ɗauki yarinya zuwa birni. Mu farar motar masu kwashe ƙasa mai guba ce ta zo mana. Ba inda za mu je: gonarmu nan take, ramin da ke ciyar da mu nan yake, katanga huɗu da ƙurar da muke shaƙa.

Mutanen motar suka kankare ƙasar tsakar gida suka zuba sabuwa. Ɗayansu yana shirin fita sai ya ɗora na'urarsa ta auna dalma a bakin turminmu, ya tsaya.

"Inna, me ake dakawa a nan?"

"Zogalen jikata."

"Kafin zogalen fa?"

Turmin gidan ɗaya ne. Da safe yayana ya daka dutsensa, da hantsi a kife shi, a buga, a goge da tsumma, a zuba ganye. Kowa a unguwar haka yake yi.

"Ai muna gogewa," Inna ta ce a hankali. "Wallahi muna gogewa."

Aka fita da turmin. Aka sake mayar da yarinyar Anka.

Ta rayu. Yau ta yi tsawo har ta wuce ni, amma an gaji da kai ta makaranta, domin abin da aka koya mata da safe ba ya kai azahar. Tana gidan yayana, tana kiwon awaki, kuma ta san kowace da muryarta.