Simintin Yaya a Bayan Kada

Mijina zarton inji ne sana'arsa. Tun da masaƙar Kakuri ta rufe ya koma sare itatuwa a gidajen mutane. Da iska ta kayar da maɗacin da ke ƙofar gidanmu a Kamazou, ya ƙi sayar wa masu katako gungumen. Ya ta da injinsa, ya cika unguwa da ƙara har maƙwabta suka daina amsa mini gaisuwa, ya sassaƙa gungumen ya fitar da kada mai tsawon gado, da haƙora da ƙaya-ƙayan baya. A kansa yake zama ya sha iska da yamma. Bayan rasuwarsa ni na gaji wurin, kuma abin da ya yi da hannunsa ya bar mini ke nan.

Kadan nan yana da halinsa. Da rani bayansa kan tsage tun daga wuya har kusa da wutsiya, yatsa ma ya shige. Idan damina ta sauka, itacen ya sha danshi, tsagar sai ta koma ta haɗe. Mijina ya ɗora shi a kan duwatsu don kar ya taɓa ƙasa gara ta samu hanya, yana shafe shi da baƙin mai, tsagar kuwa ba ya taɓa ta. Haka na ci gaba da yi.

Sai wan mijina, birkila ne a Makera. Mutum ne da bai taɓa ganin rami ya wuce ba, ko bakin mutum ya samu a buɗe sai ya so ya cusa masa magana. Tun ƙanensa na raye ba ma shiri, don komai na gidana a wurinsa gyara yake nema.

Ya zo wata ranar rani, ya zura makullin babur ɗinsa a tsagar.

"Matarmu, haka za ki bar aikin ƙanena ya lalace?"

Na ce, "Yaya, bar shi. Da ruwa ya sauka zai haɗe."

Ya yi dariyar da yake yi wa mata. "Itace ya haɗe da kansa? To."

Ranar Lahadi na dawo daga coci na tarar da shi yana wanke cokalin gininsa a bokitina. Ya ɗure tsagar da siminti, ya shafe sumul, har ya zana masa ƙaya-ƙaya da ƙusa. Yana tsaye yana jiran godiya. Na wuce ciki ko ruwa ban ba shi ba. Na gwada ƙwaƙulewa da wuƙa daga baya, ya riga ya kama.

Ruwa ya sauka. Itace ya kumbura yana neman haɗewa, siminti ya tokare shi. Sababbin tsagogi suka ɓullo ta gefe, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin simintin, ciki ya fara ruɓewa. Ina kallo ba yadda zan yi. Kafin damina ta biyu ta ɗauke, wata safiya na zauna a kan kadan ina tsince shinkafa, ya dare gida biyu, na faɗa tsakiya da tire a hannu. Na yi kuka a wurin, ba don ƙuguna ba.

Na aika aka kira Yaya. Na ɗauka ko sau ɗaya a rayuwarsa zai sunkuyar da kai. Ya zagaya ɓangarorin biyu, ya sa hannu cikin ruɓaɓɓen itacen ya zaro simintinsa, dogo, ko ɓantarewa bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ɗaga mini.

"Kin gani ko? Nawa aikin ko gezau. Itacen ne dama ba shi da kirki."

Na tsane shi a ranar, kuma har yau ban huce ba. Fasto ya yi mini magana, na ce ina ƙoƙari. Ɓangarorin kadan suna bayan ɗaki a ƙarƙashin kwano, na hana kowa ya kai su murhu. Simintin kuwa ya ɗaure shi a bayan babur ya tafi da shi, wai zai nuna wa masu ba shi aiki.