Jegon Aku a Ɗakin Tsuntsayen Malam

Ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe bakwai na safe, ina zaune cikin motar Gwaram a tashar Birnin Kudu, ni da ƙaramar 'yata, muna jiran mota ta cika. Sai na ji wani kuka siriri daga kujerar baya, rabi fito rabi hira. Tun kafin in waiwaya na san ko mene ne. Wani mutum ne riƙe da keji a cinya, da ƙananan aku biyu a ciki. Na fi shekara ashirin ban ji wannan murya ba, amma nan take ta mayar da ni gidan kakanninmu a Maruta.

Kakanmu Malam muke ce masa, kakarmu kuma Inna. A bayan rumbu, ƙarƙashin darbejiya, Malam ya gina ɗakin tsuntsaye. Bango uku na ƙasa ne, gaba kuma ragar waya, tsayinsa ya isa babban mutum ya shiga a tsaye. A ciki akwai kurciyoyi, da salwa masu yawo a ƙasa, da wani tsohon kanari guda ɗaya wanda Malam ya fi so. Da an idar da sallar asuba kanarin ke fara kuka, Malam kuma ya shimfiɗa buzunsa a gaban raga yana lazimi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kwanon gero ɗaya, kaskon ruwa ɗaya, kowa ya ci tare da kowa. Mu jikokinsa ma haka ake zuba mana tuwo.

Aku kuwa, mace da namiji, Baffa ne ya kawo su, ƙanin mahaifina. Ya bar noma ya kama tuƙin mota tsakanin Gwaram da Kano, abin da Malam bai so ba ko kaɗan. Shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Wata Juma'a a farkon damina, ƙasa na ƙanshin ruwan fari, Baffa ya shigo da keji lulluɓe da tsumma, ya durƙusa ya ajiye a gaban mahaifinsa. Namijin kore ne shar, cikinsa ruwan ɗorawa, da wani ja a bayansa daidai saman wutsiya wanda ba ka ganinsa sosai sai ya buɗe fiffike. Macen launinta kamar ganyen da ya fara bushewa. Mai sayarwa ya ce asalinsu daga wata ƙasa ce can bayan teku.

Malam ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Me suke ci? Ko su ma sun fi ƙarfin abin da ake nomawa?"

Baffa ya ce, "Gero suke ci, Baba."

"To sun fi ka hankali."

Duk gidan aka fashe da dariya. Ranar Baffa ya ci tuwo kwano ɗaya da Malam, abin da na manta rabon da in gani.

Makonnin farko lafiya lau. Akun suna sauka ƙasa su yi kiwo cikin salwa kamar tare aka ƙyanƙyashe su. Idan an yi yayyafi su maƙale a raga su buɗe fiffike, mu kuma mu yi ta ihu duk lokacin da jan nan ya bayyana. Malam da tattabaru ya tashi, don haka ya yi musu abin da ake yi wa tattabara: ya samo tsohon tulu ya rataye musu su yi sheƙa. Sai dai ya rataye shi daidai saman kwanon gero, kusa da sandar da kanari ke tsayawa, domin ya riƙa ganin kowa daga kan buzunsa.

Ba a daɗe ba macen ta shige tulu ta daina fitowa, namijin kuma ya canza hali. Duk wanda ya nufo kwano sai ya far masa. Ya ciji wata kurciya a ƙafa har ta yi jini. Ya tuge wa kanari gashin wutsiya. Kanarin ya koma lungu ya takure, ba ya ci, ba ya kuka. Asuba uku Malam ya zauna a buzu babu kukan kanari. Ranar Talata ya ɗauko kejin da aka kawo su ciki, ya kakkaɓe shi, ya ce ranar Juma'a idan Baffa ya zo zai mayar masa da kayansa, shi ba ya ajiye azzalumi a gidansa.

Ko a lokacin, da ƙuruciyata, na fahimci abin ya wuce tsuntsu. Idan kejin nan ya fita daga gidan, Baffa ba zai ƙara shigowa da komai ba. Idan kuma aka bar su, kanarin ba zai kai mako ba.

Inna ta ɗauki tabarmarta da kwandon gyaɗar iri da take ɓarewa, ta koma gaban raga. Wuni biyu tana can, hannu na aiki, ido na kan tulu. Ranar Alhamis da hantsi ta kira shi.

"Malam, yaushe rabonka da ganin macen a waje?"

"Ta ɓuya. Ita ma tsoronsa take ji."

"Tsoro? Shi ke kai mata abinci baki da baki, na ƙirga sau shida jiya. Kwanci take yi. Ka ɗauki ɗakin mai jego ka ajiye a tsakiyar kasuwa, sannan ka ce mijinta ya cika faɗa."

"Tattabaruna ba su taɓa yin haka ba."

"Tattabarunka 'yan gari ne, sun saba da hayaniya."

Malam ya so a sauke tulun a kai shi ƙarshen ɗaki. Inna ta ce kada a taɓa, macen za ta iya barin ƙwan. Sauran ne za su matsa. A raba ɗakin biyu da zana, a ba kowane ɓangare kwanonsa da kaskonsa.

Malam ya ce, "Kwano biyu? A gidana?"

Ta ce, "Da na haifa maka ɗan nan da kake fushi da shi, kwano ɗaya muka ci da kai? Arba'in kawai, sai a cire."

Malam ya tashi ya nemo zana. Kafin azahar ya kafa zanar da hannunsa, yana gunaguni. Kejin kuwa Inna ta kife shi a kan 'yan tsaki, kamar dama aikinsa ke nan. Da Baffa ya zo washegari ya ga zana, ya tambaya ko lafiya. Malam ya ce, "Baƙinka ne suka yi jego. Ka shigo da sallama."

Kanarin ya fara cin gero a ranar da aka raba ɗakin. A kwana na shida ya yi kuka, gajere, murya a dishe. Malam bai ɗago daga carbinsa ba, amma na ga gemunsa na motsi. Bayan kamar mako biyu muka fara jin 'yan ƙananan muryoyi daga cikin tulu. Malam ya tambayi Inna, cikin tsokana, ko za a dama wa mai jegon kunun kanwa. Ta kuwa dama, tukunya guda, muka sha mu da yaran maƙwabta har cikinmu ya yi tsini.

Arba'in ta cika, 'ya'yan ba su fito ba. Malam ya ce alkawari ya cika. Inna ta ce baƙuwa ce, wankan ƙasarsu ya fi namu tsawo. Sai da gero ya fara fitar da kai suka fito, su huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Da suka iya cin abinci da kansu aka cire zanar, wadda uban ya riga ya ɓarke gefenta da baki. Washegari ga aku shida da salwa da kurciya a ƙasa suna kiwo, kanari na sama yana kuka. Daga shekarar, da macen ta fara leƙa tulu, Malam da kansa ke cewa a ɗauko zana.

Yanzu masu kiwon tsuntsaye da nake gani kowane iri da kejinsa na ƙarfe, jere a jikin bango. Babu faɗa, amma ban ƙara ganin aku da salwa suna cin gero wuri ɗaya ba. Ɗakin Malam ya rushe bayan rasuwarsa, an yi shago a wurin.

Da Sallar bara na ba Baffa labarin kejin da aka kakkaɓe, ina zaton bai taɓa ji ba. Ya ce ya sani. Malam ne ya faɗa masa da bakinsa, shekara guda kafin ya rasu, yana zaune a gidan gaba na motar Baffan a kan hanyar Kano.